Wasserkuppe: Tsaunin da Jirgi Ke Tashi Ba Inji

Kwas na malaman makarantun koyon sana'a ne ya kai ni Jamus a watan Yulin 2025. An koyar da mu a aji, an zaga da mu masana'antu, aka ba mu takardar shaida, kuma duk wannan na zuba shi a rahoton da na miƙa wa ofis. Abin da bai shiga rahoton ba shi ne ziyarar da na kai wani tsauni da ake kira Wasserkuppe, inda na tarar da dattawa da jikokinsu suna tashin ƙananan jirage marasa inji, waɗanda da yawa da hannunsu suka haɗa su, suna juya su da rimot daga ƙasa. Tun da na dawo abin yake cin raina, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Da asuba na bar Kano a motar haya, muka bi ta Zariya da Kaduna, la'asar ta yi mana a Abuja. Jirgin dare ne, tafiyar awa shida da 'yan kai, gari na wayewa muna sauka Frankfurt. Wani tsohon ɗalibina da ke karatun injiniya a jami'ar Darmstadt shi ya tarye ni. Ya karɓi jakata, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi murmushi ya ce, “Malam, har yanzu kana yanka soson kwalin firij kana yi wa yara jirage?” Na ce masa ina yi mana. Ya ce, “To wallahi ba za ka koma ba sai na kai ka inda aka haifi abin.”

Ranar Asabar da sassafe muka kama hanya. Akwai wani tikiti da Jamusawa suke saye na wata guda, Yuro 58 a lokacin, wanda da shi za ka hau kowane ƙaramin jirgin ƙasa da bas da taragon cikin gari a faɗin ƙasar, ban da jiragen nan masu gudun tsiya da ake kira ICE. A lokacin Yuro ɗaya ya haura naira 1,700, wato kuɗin ya kama kusan naira dubu 100. Da farko na ji nauyinsa, amma da na tuna abin da ma'aikaci yake kashewa a adaidaita-sahu daga gida zuwa wurin aiki kawai, sai na ga talakan Jamus ne ya ci riba. Daga Frankfurt zuwa Fulda kusan awa ɗaya da rabi muka yi. Gonakin alkama sun yi ja sun kusa girbi, dazuzzuka shar, ƙauyuka masu jan rufi, kowanne da hasumiyar cocinsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shirun cikin taragon. Mutum ya fi hamsin, amma ba mai ɗaga murya, ba mai talla, ba mai tambayar maƙwabcinsa daga ina zuwa ina.

A Fulda muka ci abinci a shagon wani Baturke, gurasa da yankakken naman halal da ganye, Yuro 8. Ruwan gora ma saye ake yi, kuma ana ɗora maka santi 25 kuɗin gorar, sai ka mayar da ita a ba ka abinka, shi ya sa ba ka ganin gora yashe a titi. Muka leƙa babban cocin garin inda kabarin Boniface yake, mai wa'azin Kiristancin da aka kashe a shekarar 754, sannan muka hau wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da ya yi ta kutsawa cikin kwari har Gersfeld, inda layin dogon ya ƙare.

Masaukinmu gidan wata dattijuwa ne da ta mayar da benen sama ɗakunan baƙi, Yuro 55 kwana ɗaya har da karin kumallo. Ba maigadi, ba katanga. Ta miƙo mana mabuɗin ƙofar gidan gaba ɗaya ta koma harkarta. A wurinmu baƙo kafin ya zauna an kawo masa ruwa, an tambayi gajiya, an tambayi iyali, a nan kuwa gaisuwar ba ta wuce kalma biyu ba, har na ɗan ji wani iri. Amma ta tambayi abin da ba ma ci, da safe kuma muka tarar ta ware mana tebur daban: burodi iri uku, dafaffen ƙwai, cuku, zuma, madara, ta kawar da duk wani abu na alade zuwa can gefe. Karamcinsu a aiki yake fitowa, bakinsu ne dai ba ya faɗa. Rana kuma ba ta faɗuwa a wannan wata sai wajen tara da rabi na dare, sai ka ga ka yi magariba a lokacin da mutanen Kano suka daɗe da yin isha'i.

Ba mu zauna ba, jakunkuna kawai muka ajiye muka hau bas zuwa kan tsaunin. Tsayinsa mita 950, shi ne mafi tsawo a jihar Hessen, ko da yake garin Jos ya fi shi tudu. Abin da ya bambanta shi shi ne kansa ba itatuwa, ciyawa ce shimfiɗe ta kowace fuska, gangarensa kuma a kwance yake, ba tsaye ba. Tumakin yankin Rhön inda tsaunin yake, masu farin jiki da baƙin kai, suna kiwo a gefen hanya. Muna sauka iska ta buge mu, mai sanyi duk da ana cikin lokacin zafinsu, ba ta tsayawa ko na minti ɗaya. Can gefe ga wani ƙaton ƙwallo na ginin rada, saura daga zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da iyakar Jamus ta Gabas take kusa da nan kuma sojoji suke sa ido a kanta. Sama kuwa cike take: manyan jirage marasa inji masu ɗaukar mutum, masu lilo da lema, da kuma ƙananan da suka kawo ni.

Tarihin wurin ya soma ne da 'yan makaranta. A 1911 wasu samari daga Darmstadt suka hau tsaunin da jiragen da suka haɗa da katako da ƙyalle. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗaure wa Jamus hannu a harkar jirage masu inji, sai injiniyoyinta da ɗalibanta suka koma ga wanda ba a hana ba. A 1920 aka yi gasar farko a nan, a 1922 kuma Arthur Martens ya shafe awa guda cur a sama cikin jirgin da ake kira Vampyr, ba ɗigon mai, abin da ya girgiza duniyar masu jirage. A 1928 Fritz Stamer ya tashi a nan da jirgin da roka ke turawa. Daga baya gwamnatin Hitler ta karɓe wurin ta mayar da shi makarantar share fagen matuƙan yaƙi, kuma mutanen wurin ba sa ɓoye wannan. Akwai gunkin mikiya na tagulla da aka kafa a 1923 don tunawa da matuƙan da suka mutu a yaƙi. Duk wannan labari yana cikin gidan tarihin da ke kan tsaunin, inda aka rataye jirage tun daga irin na Otto Lilienthal, wanda ya rasu a 1896 sanadiyyar faɗuwar jirginsa, har zuwa na zamani masu santsi. An ware sashe guda na ƙananan jirage da tsofaffin rimot, kuma a can na fi daɗewa.

Da muka fito muka nufi gangaren da iska ke bugowa a ranar, domin masu wannan wasa iska suke bi: in ta juya yamma su koma gangaren yamma, in ta juya kudu su kwashe kayansu su bi ta. Mutane ne tsaye a jere a bakin gangare, kowa da rimot rataye a wuya, idonsa a sama. Ba ƙarar inji, sai shuuu ɗin fiffike idan jirgi ya gifta kusa. Wani dattijo mai farin gashi, wanda daga baya muka ji tsohon kafinta ne, yana durƙushe yana haɗa nasa. Ɗalibina ya yi masa sallama da Jamusanci ya ce wannan malamina ne daga Najeriya, shi ma yana haɗa jirage. Dattijon ya ɗago ya dube ni, bai ce komai ba, sai ya miƙo mini fiffike ɗaya ya ce in riƙe masa.

Tsawon fukafukan biyu mita 2 ne, amma a hannu kusan ba ka jin nauyin komai. An lulluɓe shi da jar leda mai shara-shara, kana hango haƙarƙarin katakon ciki a jere, kowanne an huda shi don a rage nauyi. Ya zura sandar kabon ya haɗa fukafukan da gangar jirgin, ya jona wayoyi, ya kunna rimot. Ya motsa sanda ɗaya, jelar jirgin ta karkata hagu da dama, ya motsa ɗayar, ta yi sama ta yi ƙasa. Ƙananan na'urori ne da ake kira sarbo suke jan su, batir ɗin da ke hancin jirgin kuma su kaɗai yake ciyarwa da risiba mai karɓar saƙon rimot, ba ya tura jirgin ko taki ɗaya. Sannan ya yi abin da na ga kowa yana yi kafin tashi: ya ɗora jirgin kan 'yan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gabansa, ya saki. Jelar ta ɗan rinjaya. Ya buɗe hancin, ya ciro ɗan guntun darma daga aljihu ya cusa, ya sake gwadawa, sai jirgin ya tsaya daidai, hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. Ya ce da ni ta bakin ɗalibina, jirgin da hancinsa ya yi nauyi zai tashi ba daɗi, amma wanda jelarsa ta yi nauyi sau ɗaya yake tashi.

Ya tsinki ciyawa ya watsa sama ya ga inda ta nufa, ya taka bakin gangare, ya tura jirgin gaba a hankali, ba da ƙarfi ba. Ni dai na zaci ƙasa zai yi. Sai ga shi ya ɗaga, yana hawa, yana hawa, har ya wuce kanmu da nisa. Sirrin ba ɓoyayye ba ne. Jirgi mara inji kullum gangarowa yake yi a cikin iska, amma idan iskar da yake ciki tana hawa fiye da yadda yake sauka, to sama zai yi. Iskar da ta taho ta bugi tsauni ba ta da hanya sai ta haura, shi kuma ya hau bayanta. Shi ya sa suke kai da komo a gaban gangaren, kuma duk juyin da za su yi waje suke juyawa, ba sa juyowa ta wajen tsaunin, don bayansa iska a hargitse take.

Can sai dattijon ya nuna mana wata shirwa mai jar jela tana kewaya a saman kwarin ba ta kaɗa fiffike. Ya tura jirginsa ƙarƙashinta ya fara kewayawa shi ma. Wata 'yar na'ura a rimot ɗinsa ta soma ƙara, sautin yana ƙara siranta, alamar jirgin yana hawa. Wannan ita ce hanya ta biyu: rana ta gasa gona ko rufin gidaje, iskar wurin ta yi ɗumi ta miƙe sama, duk abin da ya shiga cikinta ta ɗauke shi. Nan na ce wa ɗalibina ya gaya masa cewa a garinmu kowane yaro ya san wannan, don muna ganin ungulu da hantsi suna kewaya saman mayanka har su ɓace, muna kuma ganin guguwa a bazara tana ɗaga leda sama da rimi. Dattijon ya saki baki ya ce su nan wata uku ko huɗu suke samun irin wannan rana a shekara, sauran lokacin hazo ne da dusar ƙanƙara.

Bai tsaya nan ba, ya ɗauko rimot na biyu ya rataya mini. An haɗa su biyun ne yadda muddin yana danne da wani maɓalli jirgin yana hannuna, da ya saki ya koma hannunsa. Da haka suke koya wa yara, ba a bar mai koyo ya fasa jirgi a ranar farko ya yi zuciya ba. Ya ce kada in tura sandar, in jingina mata yatsa kawai. Na karkata dama, jirgin ya kwanta ya juyo, na ji iska ta ɗaga fiffike ɗaya, na mayar da shi. Abin da ya fi wuya shi ne idan jirgin ya fuskanto ka, don damarsa ta zama hagunka, a nan yakan karɓa ya gyara ya sake ba ni. Ban san lokacin da wuyana ya ƙage ba. Da zai sauke shi ya ɗaga murya ya sanar, kowa ya ja baya, ya buɗe wani ɗan murfi a bayan fiffiken don rage gudu, jirgin ya zo ya kwanta a ciyawa dab da ƙafarsa.

Wasan iri-iri ne. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara 14 ba ta kama bakin fiffiken wani jirgi mai mita ɗaya da rabi, ta juya da jikinta gaba ɗaya ta wurga shi, ya tafi sama sak fiye da tsayin bene goma. Akwai masu tsere a gangare, sawu 10 tsakanin alamomi biyu masu tazarar mita 100. A fili mara tudu kuma da doguwar roba da igiya ake harba jirgin. An ba ni labarin wani Ba'amurke, Spencer Lisenby, da ya kai gudun kilomita 882 a awa a 2021 a wani tsauni a Kalifoniya, da jirgin rimot mara inji. Ni dai na dattijon nan mai tafiya a natse ya fi kwanta mini.

Da za mu rabu ya ce gobe Lahadi mu zo gidansa shan kofi da ƙarfe uku. Ɗalibina ya raɗa mini, “Malam, shekarata uku a ƙasar nan ba Bajamushen da ya taɓa gayyata ta gida. Kuma in sun ce uku, uku suke nufi.” Ƙauyen nasa yana kusa da Poppenhausen, a gindin tsaunin, garin da kamfanin Alexander Schleicher yake ƙera manyan jirage marasa inji tun 1927. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, gari tsit. Uwargidansa ta toya kek na tuffa, ta kuma tabbatar mana ba giya a ciki tun kafin mu tambaya. Muka ci, muka sha, sannan ya sauka da mu ɗakin ƙasa.

Wannan ɗaki shi ne abin da na fi so a tafiyar duka. Tebur ne dogo, an shimfiɗa zanen fiffike a kai, an rufe da leda, an jera haƙarƙarin katakon balsa a kan layukan zanen, kowanne an kafe shi da allura har gam ya kama. Ga reza, ga sanfefa iri-iri an liƙa a jikin katako, ga wani ɗan dutsen guga da bai fi babban yatsa biyu ba, wanda ake manna ledar rufi da shi har ta ɗame. A ƙarshen teburin jikansa ne ɗan shekara 10 yake goge hancin nasa jirgin. Kakan yakan shafa da yatsa, ya girgiza kai, yaron ya ci gaba da gugar ba gunaguni. Ya ce jirgi ɗaya yakan ci masa lokacin sanyi guda, da dare bayan cin abinci. Balsa daga Ekwado ake kawo yawancinta. Sai ya jawo wani fiffike na farin soso da aka lulluɓe da siririn falle na katako mai ruwan ƙwai, ya ce wannan kuma daga wajenku yake zuwa. Na karɓa na shinshina. Obece ne, shi ɗin dai da kafintocinmu suke yin silin da akwati da shi, wanda ake sarowa a dazukan kudancin Najeriya da Gana da Kamaru. An yanka shi bai fi kaurin milimita ɗaya ba, an manna a soso, ya zama fiffike mai ƙarfi. Na daɗe riƙe da shi.

Na tambayi kuɗi, don na san ita ce tambayar da za a fara yi mini a gida. Katakon jirgi irin nasa da aka yayyanka, kai ne za ka haɗa, yana kamawa daga Yuro 150 zuwa 200. Na soso da aka gama, irin EasyGlider na kamfanin Multiplex da masu koyo suke farawa da shi, ya ɗara haka kaɗan. Rimot mai kyau na mai farawa wajen Yuro 100 ne, na 'yan gasa kuwa, da jiragensu na kabon zalla, sai a yi maganar dubbai. Doka ta wajabta inshora ga duk mai tashin jirgi komai ƙanƙantarsa, kuma yawanci ta hanyar ƙungiya ake samunta. Ƙungiyar ce dai take neman fili da izini, take kuma ajiye jirgin koyo da rimot biyu don yaron da iyayensa ba su da hali. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan abin, ba kuɗin ba.

A hanyar komawa Frankfurt tunanin gida ne ya cika mini kai. Yaranmu da suke ƙera mota da karan dawa da gwangwani da silifa, har da sitiyari mai juya taya, hannunsu bai gaza na jikan kafintan nan ba. Abin da ya fi su da shi kaka ne da ya zauna kusa da shi, da zane, da fili. Rana muna da ita fiye da kowa. Tsauni ma akwai: Dala da Goron Dutse gidaje sun kewaye su, Kufena dutse ne da zai farfasa jirgi wajen sauka, amma tuddan Jos da na Mambila masu ciyawa ba su da maraba da Rhön. Ga obece a kasuwar 'yan katako, ga tukurwa, ga rimi wanda dangin balsa ne, ga soso ana zubarwa a bayan kantunan firij.

Kirana ga 'yan'uwana malaman makarantun fasaha da na kimiyya shi ne mu buɗe ƙungiyoyin wannan abu a makarantunmu, domin a jirgi ɗaya yaro zai koyi awo da kafinta da lantarki da ilimin iska. Sai dai a halin tsaron da muke ciki kada kowa ya tashi jirgin rimot sai da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da sanin jami'an tsaron yankinsa, kuma a yi nesa da filin jirgi da barikin soja. Kafin izinin ya fito, a fara da wanda ake jefawa da hannu a filin ƙwallon makaranta, wanda ba ya buƙatar rimot ko batir. Soso da gam da reza da guntun darma sun isa a fara a wannan zangon karatu.